Kunnen Masta Brimah

Ranar Lahadi ce da la'asar, ranar da makanikan unguwar Suame ke wanke baƙin mai su zauna a gida. Mma Lariba na tsakar gida tana tsince waken ƙosan gobe. 'Yarta Kausara na gefe, wai taya ta take yi, amma tun da ta zauna ba ta tsince abin da zai cika tafin hannu ba. Hankalinta duk yana bakin ƙofa.

"Ajiye tiren nan kafin ki zubar mini da wake," in ji Mma. "Wanda kike jira ya san hanya."

"Ni fa, Mma, ba wanda nake jira."

"Yoo. Ashe waken kika fesa wa turare."

Kausara ta rufe fuska da mayafi tana dariya. Wanda ake jira ɗin Rahim ne, saurayin da ke shiga ƙauyukan daji yana saro goro yana kawo wa 'yan kasuwa a Zango. Yaro ne mai kunya da neman na kansa, aibinsa ɗaya, idan yana murna bakinsa ya fi tunaninsa sauri. An kai gaisuwa, an karɓa. Ranar Juma'a mai zuwa manyansa za su zo a sa rana.

Maigidan, Masta Brimah, yana kan benci a ƙarƙashin rumfa da rediyo a gefensa. Duk wanda ya tashi a layin ya san shi da abu ɗaya: kunne. Tun kafin a haifi Kausara ba a sayen babur, wanda a nan moto ake ce masa, sai an je da shi ya ji. Ba ya kwance komai, ba ya tambayar takarda. Sai dai ya ce a tayar, ya runtse ido, ya karkata kai. Idan ya ce "ɗauka," a ɗauka. Idan ya ce "mu tafi," ko mai kayan zai yi rantsuwa da kabarin kakansa, an tafi ke nan. Har keken ɗinki mata ke kawo masa ya ji. Ba ya karɓar ko sisi a kan wannan, kuma da za a hana shi, da an hana shi abin da ya fi so a duniya.

Rahim ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida Masta, ya gaida Mma. Bayan an sha ruwa ya gyara zama.

"Baba, dama shawara na yanke. Damina ta kusa, kuma hanyar ƙauyen nan idan ruwa ya sauka mota ba ta shiga. Ina so in sayi moto nawa na kaina, irin mai shiga daji."

Fuskar Masta ta washe. Ya kashe rediyo, abin da ba ya yi wa kowa.

"Madalla. Yanzu ka yi magana. Ranar Talata ka biyo ta shago, mu je in ji maka shi."

Nan ne bakin Rahim ya riga shi. Ya zaro waya, ya matso, ya buɗe hoton wani jan babur siriri mai tayoyi masu gurza-gurza.

"Ai ba sai ka wahala ba, Baba. Wannan na lantarki ne. Caji kawai ake yi masa kamar waya. Ba fetur, ba fulogi, ba kafireto, ba baƙin mai, ba salansa. Ba abin da za a ji kraa, ko kaɗan. Irin wannan moto, Baba, ba ya buƙatar makanike."

Hannun Mma ya tsaya cak a cikin wake. Kausara ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige. Shi kuwa gogan naka murmushi yake yi, a ganinsa ya hutar da surukinsa tafiya.

Masta ya dubi hoton, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙa masa wayar.

"Allah Ya sa alheri," ya ce. "Kausara, ba ni buta."

Da sauran lokaci sosai kafin magariba, amma ya yi alwala ya fita.

Ranar Alhamis Masta ya aika gidan su Rahim cewa manya su dakata, kada su zo gobe. Bai faɗi dalili ba, bai faɗi yaushe ba. Kafin azahar labari ya kai unguwar Tafo, kafin la'asar ƙanwarsa Gwaggo Habsa ta sauko daga trotro, motar haya, da mayafi a kafaɗa. Gwaggo Habsa mace ce da idan ta zo kashe wuta, da kananzir take zuwa.

"Ashe haka aka yi, Yaya?" ta ce tun ba ta zauna ba. "Yaron da bai shigo gida ba ya dubi idonka ya ce sana'arka ta mutu? To idan ya shigo fa? Da baƙin man nan aka ciyar da yarinyar da yake so. Da shi aka kai ta makaranta. Moton dumso, a garin da kullum ake ɗauke wuta! Ran da aka ɗauke wuta sai ya goya shi a baya."

"Gwaggo, ba haka yake nufi ba—" Kausara ta fara.

"Ke rufe mini baki. Har kin fara zama lauyarsa?"

Bayan Gwaggo ta tafi, Kausara ta sami mahaifinta a rumfa. Ta durƙusa, hawaye na zuba tun kafin ta buɗe baki.

"Baba, ka yi haƙuri. Kuskure ya yi."

"Ban ce ba zai aure ki ba. Cewa na yi su dakata."

"Har yaushe, Baba?"

"Har in san irin mutumin da zan ba 'yata. Daga yau kada ya zo hira gidan nan. Tashi ki je."

Ta tashi, ta shiga ɗaki, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo. Tana son Rahim, so na gaske, wanda ta riga ta gina gida a kansa a cikin zuciya har ta zaɓi labule. Tana kuma son mahaifinta, kuma ta ga abin da ba wanda ya gani a ranar Lahadin nan: yadda maganar Rahim ta soke shi lokacin da yake miƙa masa wayar.

Washegari Rahim ya same ta a cikin gari, a Adum, a shagon atamfa da mayafai inda take aiki. Ya tsaya a bakin kanta kamar mai ciniki, idonsa jawur.

"Kausara, ki gaya mini, ƙarya na yi? Moton ba shi da inji. Me za a ji? Saboda magana ɗaya a fasa sa rana?"

"Ba ƙarya ka yi ba. Rashin hankali ka yi."

"Ni?"

"Kai ɗin. Mutum ya miƙo maka abin da ya fi daraja a wurinsa, ka ce masa ya mayar aljihu."

"To bari ki ji. Gobe zan je in ɗauko shi, in hau in zo har ƙofar gidanku. Idan Baba ya gani da idonsa—"

"Idan ka saya kafin Baba ya gani, kada ka zo ƙofar gidanmu, kuma kada ka zo nan."

Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba. "Siriyos kike?"

"Siriyos. Filis, Rahim. Ka jira."

"Ruwa zai sauko, Kausara. Idan ban shiga ƙauye ba wasu za su shiga. Kwastomomina za su koma wurinsu."

"Na sani," ta ce. "Ni ma jira nake yi, kuma nawa jiran ya fi naka ɗaci, don a cikin gidan nake."

Wata mata ta shigo tana tambayar leshi, Kausara ta share ido ta juya wurinta. Rahim ya ɗan tsaya, sannan ya fita ba sallama.

Bai saya ba. Wannan kam a yaba masa. Ruwa ya sauko kamar yadda ya faɗa, hanyoyin ƙauye suka zama kunu. Ya riƙa bin 'yan okada da masu aboboya, ɗan babur mai ƙafa uku da akwati a baya, wani lokaci su sauke shi a rabin hanya su ce ba za su iya ba, ya ƙarasa da ƙafa, ya dawo da kwandon goro a ka da jan taɓo har gwiwa. Wasu manoman da ya saba da su suka gaji da jiransa suka sayar wa wani. Abokansa suka sa shi gaba da tsiya.

"Cale, abokinmu, kuɗinka ne fa. Tsohon ne zai hau ko kai?"

Sai dai ya ɗauki kwandonsa ya wuce. Duk safiyar da yake gari sai ya bi ta Magazin, unguwar makanikan Suame, ya ratsa ta cikin ƙarar guduma da hayaƙin walda, ya durƙusa a bakin shagon Masta.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya."

Shi ke nan. Masta ba ya ɗago kai daga abin da yake kwancewa, Rahim kuma ba ya ƙara komai. Haka aka yi ta yi har yaran shagon suka fara ajiye masa wuri a benci, duk da ba ya zama.

A gida kuwa Kausara ta rame. Ba ta yi wa kowa tsiwa ba, ba ta daina kai wa Baba ruwan wanka ba, ba ta kuma karya dokarsa ba ko sau ɗaya. Gwaggo Habsa ta riƙa zuwa da labarin wani ɗan ƙawarta mai shagon kayan mota, Kausara ta riƙa kawo mata ruwa da ƙosai ta koma ɗaki. Mma ce ta gaji da kallon wannan. Wata safiya da Rahim ya tsaya saye a inda take sayar da koko da ƙosai, ta riƙe ledar ba ta miƙa masa ba.

"Kullum kana zuwa gaisuwa, na ji. Ka taɓa gaya masa ba ka sayi moton ba?"

"A'a, Mma. Na ɗauka ya sani."

"Ina zai sani? Shi a zatonsa yana gidanku ka ɓoye." Ta rage murya. "Bari in gaya maka abin da ba zai gaya maka ba. Ba moton ne ya ɓata masa rai ba. Tsoro yake ji. Yana ganin abubuwan nan a hanya suna wucewa shiru kamar aljanu, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Yana ganin ranar da za a daina kiransa ta zo. Sai kuma ya ji ta daga bakin wanda zai ba 'yarsa. Kai da ya kamata ka nemi shawara, sai ka kawo sanarwa."

Rahim ya sunkuyar da kai. Sai a ranar ya ji kunya ta gaske, ba haushin an yi masa rashin adalci ba.

Da ya isa shagon ya durƙusa, bai tashi ba bayan "lafiya."

"Baba, na yi maka magana irin ta yara, ka yafe mini. Kuma ban sayi moton ba."

Sifanar da ke hannun Masta ta tsaya.

"Ba ka saya ba?"

"A'a. Iri biyu ne a wurin mai sayarwa, na je na gani har na gaji, ban san wanda zan ɗauka ba. A waya duk suna da kyau. Ni goro na sani, Baba, ban san ƙarfe ba."

Masta ya ci gaba da ɗaure notinsa. Can ya ce, kamar da notin yake magana, "Ranar Asabar ina da saƙo a Tafo. Idan wurin yana kan hanya, to."

Wurin yana kan hanya. Ko da a can Tamale mai nisa yake, da yana kan hanya.

Mai sayar da baburan wani matashi ne, Boukari, wanda ya san Masta tun yana yaro, don haka da ya gan shi sai da ya gyara wuyan riga. Ya fito da baburan biyu bayan shago, inda wani lungu da ruwa ya cinye ya gangara zuwa rafi, duk ramuka da duwatsu. Ɗaya shi ne jan nan na cikin waya, siriri, marar nauyi, mutum ɗaya zai iya ɗaga gabansa. Ɗayan baƙi ne, mai jiki, ba shi da wani ado. Idon Rahim tun daga ƙofa yana kan jan.

Masta ya tsaya kusa da shi, ya runtse ido, ya karkata kai.

"Tayar."

Boukari ya sosa ƙeya. "Masta... a tashe yake."

Ba wanda ya yi dariya. Masta ya buɗe ido, ya dubi ɗan koren hasken da ke kan sikirin, ya dubi ƙasa. Rahim ya ce a ransa yau kam ya ƙarasa kashe aurensa da hannunsa. Amma tsoho bai juya ba. Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ƙafa.

"Ina kuloci?"

"Babu, Masta. Murɗawa kawai, amma a hankali, don yana—"

Babur ya zabura kamar akuyar da aka kwance. Hular Masta ta tsaya a inda ya baro ta, shi kuwa ya yi gaba yana salati. Rahim ya ɗauki hular ya riƙe, yana addu'ar duk da ta zo bakinsa. Suka ga tsoho ya daidaita, ya bi ta cikin ramuka, ya tsallaka ɗan ruwan, ya hau tudu, ya ɓace.

Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, bai sauka nan da nan ba. Ya zauna a kai da wani irin kallo a fuskarsa.

"Wa ya ce ba a jin komai?" ya ce. "Duk shekarun nan inji ne ke rufe musu baki. Yanzu da ya yi shiru kowa na magana. Cen, sarƙar taya, yana magana, birki yana magana, wayoyin taya suna magana. Boukari, cen ɗin nan ya yi sako-sako, kuma birkin gaba yana goga. Ba aibi ba ne, ɗauri ne. Kawo baƙin."

Ya hau baƙin, wannan karon da hula a aljihu. Ya je ya dawo, ya sake zuwa. Ya sauka ya danna shi ƙasa ya saki, yana sauraren yadda shokozoba ke dawowa. Ya durƙusa ya bi waldar jikinsa da yatsa. Sannan ya shiga jero wa Boukari tambaya, wasu ma Rahim bai taɓa tunaninsu ba.

"Batir yana fita, ko sai an shiga da moton har ɗaki?"

"Na baƙin yana fita, Masta. A ɗauka a kai ciki a yi caji. Na jan a jiki yake."

"Tafiyar da kuke rubutawa a takarda, da kaya ne ko mutum tsurarsa a kan kwalta?"

Boukari ya yi murmushi. "Mutum tsurarsa."

"To ka ji, Rahim. Da kwandon goro da taɓo, ka rage abin da suka faɗa sosai, kuma kada ka shiga ƙauyen da ba wuta sai ka tabbata cajin zai dawo da kai. Ruwa fa, har ina yake iya shiga? Idan taya ko birki ya ci, ana samun irinsa a Magazin, ko sai an jira jirgi? Yana da fitila da madubi da wurin lamba, ko 'yan sanda za su yi ta karin kumallo da yaron nan?"

Boukari ya amsa abin da ya sani, abin da bai sani ba ya ce zai tambaya, Masta ya ce wannan amsar ta fi masa daɗi. Duk da haka Rahim bai haƙura da jan ba. Ya shafa shi, ya ce da ƙaramar murya, "Baba, amma wannan ya fi sauƙin fitarwa idan ya maƙale a taɓo."

"Gaskiya ne. Ba shi da nauyi, kuma ya fi gudu. Moto ne mai kyau." Masta ya zagaya bayansa, ya ɗora tafin hannu a kan ɗan siririn sirdin da bai fi tsawon takalmi ba. "Ina mutum na biyu yake zama?"

"Wannan na mutum ɗaya ne, Masta," in ji Boukari.

Masta ya juyo ya dubi Rahim ido cikin ido, karo na farko tun ranar Lahadin nan.

"To 'yata fa? Da gudu za ta riƙa bin ka?"

Rahim ya dubi sirdin, ya dubi Masta. Sai da maganar ta zagaya kansa ta dawo sannan ya gane abin da aka gaya masa. Ya zube a wurin, cikin jan taɓo, da farar rigarsa ta Asabar, ya kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Tashi, kana ɓata riga," in ji Masta. "Ɗauki baƙin. Ka kawo shi shago Litinin in haɗa maka kariya ta ɗora kwandon goro a baya. Kuma ka gaya wa manyanka su zo Juma'a bayan an sauko."

Da labari ya isa gida, Kausara ta faɗa jikin Mma tana kuka, irin kukan da ba a rarrashi. Gwaggo Habsa ta ce ita dama tun farko ta san yaron ɗan mutunci ne, kuma ba wanda ya tsaya yi mata gardama, don akwai aikin biki a gaba.

Abin lura a nan, samari da 'yan mata, shi ne gaskiya ba ta isa hujjar faɗar magana ba, sai an duba wa ake gaya wa da abin da za ta taɓa a zuciyarsa. Sabon abu ba laifi ba ne, amma idan za ku shigo da shi gida, ku shigo da shi ta hannun manya, don sau da yawa ba abin suke ƙi ba, gudun a manta da su suke yi. Rahim ya yi asarar ciniki a daminar nan, Kausara ta sha kuka, amma da ɗayansu ya yi gaggawa, da babur kawai za a samu, ba aure.